Ƙwayar Wasan Tsoho Meng

Tun safe ake jin gangar can bakin titi, amma sai da rana ta take tsaka ta karyo kwanar layinsu. Shulan na tsugune gaban murhu tana cusa yankakken kabeji a cikin ƙullin fulawa, tana murɗe bakin kowane curi tana jerawa a madambaci. Irin curin nan da suke kira bao, guda goma sha biyu take son yi, shida na gida, shida ta kai wa mijinta in an yarda an karɓa. Da ta ji gangar ta matso sai ta dakata. Ta ƙura wa ƙullin ido tana sauraro, gumi na bin wuyanta.

Watan Agusta ne na shekarar 1966, a birnin Kaifeng. Kwana goma sha ɗaya ke nan da ɗaliban makarantar sakandare suka kulle mijinta Deming, malaminsu na tarihi, a ɗakin ajiyar tsintsiya. Yara masu jan ƙyalle a damtse suna bi gida-gida da ganga suna neman kayan zamanin da, kuma abin da suka samu shi ne hukuncin mai gidan. Shekaranjiya sun sami tsohon zanen tsuntsu a bayan kabad ɗin mai magani Yan, gida uku daga nasu. Sun durƙusar da shi a kan tsakuwa har la'asar, sun aske wa matarsa rabin kai. Har yanzu ba a ga an buɗe tagarsu ba.

Gidan su Shulan ya fi na Yan abin tsoro, domin kakan mijinta ya taɓa riƙe ƙaramin muƙami a zamanin sarki na ƙarshe, kuma duk layin an sani. Shi ya sa tun ranar da aka kama Deming ta ƙone duk abin da zai ƙonu: littattafai, wasiƙu, hoton biki, da allon sunayen kakanni. Abu na ƙarshe da ta tura a murhu shi ne takardar wasan surukinta, Tsoho Meng.

Wasan hawan muƙami ake ce masa. Takarda ce mai faɗin tabarma, an zana mata gidaje kusan ɗari, kowane gida da sunan muƙami, daga ɗalibi mai jiran jarrabawa har zuwa babban wazirin sarki. Ƙwayar da ake jefawa ba irin mai ɗige-ɗige ba ce. Ta hauren giwa ce, siffar ƙwallon dabino, mai fuska huɗu, kowace fuska da kalma ɗaya da aka sassaƙa aka cike da jan fenti: Nagarta, Basira, Himma, Rashawa. In ta faɗa maka a Nagarta ka hau, in ta faɗa a Rashawa a sauke ka, wani lokaci har a kore ka zuwa bakin iyaka. Kowace sabuwar shekara yaran tsakar gidan kan taru a ɗakin tsohon su yi ta jifa suna ihu, wanda ya zama waziri a ba shi gyaɗa.

Takardar ta ci wuta nan da nan. Ƙwayar ce Shulan ta nema ta rasa. Tsohon, wanda shekara biyu ke nan tunaninsa na zuwa yana komawa, ya ce mata ya jefa ta a kogi. Ta yarda, don tana son ta yarda.

Tana riƙe da curi na goma sha biyu, ba ta rufe bakinsa ba, sai ta ji wani ɗan sauti daga ɗakin ciki. Ƙwas, ƙwas, ƙwararas. Abu mai tauri yana gangarawa a kan tebur.

Ba ta san lokacin da ta isa ɗakin ba. Tsoho Meng na zaune bakin gado da singileti, ƙafa ɗaya ba safa, ya sunkuya yana kallon ƙwayar a kan teburin da babu komai.

"Basira," in ji shi, yana murmushi. "Gida biyu. Zo ki jefa naki, 'yata."

"Baba! Ba ka ce ka jefar ba?"

"A safa take. Ubana ne ya ba ni, ina zan jefar?"

"Kawo. Baba, kawo, ga su nan a layi."

Ya dunƙule hannu ya kai ƙirji. Tsoho ne mai shekara saba'in da huɗu, amma sai da ta ɓanɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, yana cewa "Ba tarbiyya, ba tarbiyya," kamar zai yi kuka. Gangar ta tsaya cik. Aka buga ƙofar tsakar gida da ƙafa.

Ta tsaya tsakiyar ɗaki da abin a tafin hannu. Aljihu za a laluba. Toka za a tone, ta ga yadda suka yi a gidan Yan. Hauren giwa ba ya ƙonewa cikin minti ɗaya. Ta kai ta baki, ta tuna za a yi mata tambayoyi. Sai ta ga har yanzu curin na hannunta na hagu. Ta tura ƙwayar cikin kabejin, ta murɗe bakin, ta ƙara matse shi da farce sau biyu don ta gane shi, ta ajiye shi a gefen madambacin sama ta wajen bango, ta rufe, ta ɗora kan tukunyar da ke tafasa.

Su biyar ne suka shigo. Na gaba wani dogon yaro ne da ake kira Dou, ya cire bel ɗinsa na fata ya naɗe a hannu, ƙarfen na lilo. A bayansa akwai Meiju, 'yar Goggo Pang da ke ɗakin da ke kallon nasu a tsakar gida ɗaya. Shekararta goma sha shida, ta yanke kitsonta, ta ɗaure kugu da bel a kan rigar soja da ta yi mata yawa. Shulan ce ta yi mata wankan farko ranar da aka haife ta.

"Meiju..."

"Weihong sunana," in ji yarinyar, ba ta kalle ta ba. "Na canja. Kuma ba da ke aka zo hira ba."

"Ke ce matar mugun malamin nan?" in ji Dou.

"Ni ce."

"An ce a gidan nan kuna koya wa yara yadda ake zama bayin sarki. Ina takardar?"

Wato ba bincike ne na kan hanya ba, abin suka zo nema da sunansa. Mutum ɗaya ne a cikinsu ya taɓa ganin wasan. Sau uku Meiju na zama waziri a ɗakin can, tana tsalle kan gado da gyaɗa cike da aljihu.

"Na ƙone ta. Da kaina na ƙone, tun kwana goma sha ɗaya. Ku duba tokar."

"Ƙwayar fa?" in ji Meiju, murya sama-sama. "Akwai wata ƙwaya fara mai rubutu."

"An jefa a kogi."

"Kowa kogi," in ji Dou, ya juya yana dariya. "Yan ma kogi ya ce. Ina jin kogin nan ya kusa cika. Ku juye gidan."

Suka juye shi. Suka farke katifa auduga ta tashi, suka zazzage tulun shinkafa a ƙasa, suka ɓanɓare tubalin da ke motsi a bakin ƙofa. Wata yarinya ta laluba jikin Shulan har cikin gashi. Wani gajere mai ƙuraje a fuska ya tone tokar murhu da sanda, sannan ya sauke madambacin duka hawa biyun, ya leƙa cikin tukunyar ruwan, ya mayar. Shulan na kallo ya sa na sama a ƙasa, na ƙasa a sama, ya kuma juya su. Ta so ta bi gefen da idonta, tururi ya rufe.

Aka fito da Tsoho Meng tsakar gida aka ce ya sunkuya. Ya sunkuya, sannan ya ɗago ya ga Meiju, fuskarsa ta washe.

"A'a, ƙaramin waziri! Kin zo wasa? Ai an ƙwace mini..."

"Baba ba shi da lafiya," in ji Shulan da sauri. "Ba ya sanin abin da yake faɗi. Kowa ya sani, ku tambayi maƙwabta."

"Wa ya ƙwace maka, tsoho?" in ji Dou. Ya tsuguna gabansa, ya sassauta murya. "Gaya mini. Me aka ƙwace? Yaushe?"

Tsohon ya kalli Dou, ya kalli Shulan. Shulan ta kafa masa ido. Ba ta iya ko girgiza masa kai ba, don gajeren nan na tsaye kusa da ita.

"Safata," in ji tsohon, ya nuna ƙafarsa. "Ɗaya ce ta rage."

Yaran suka kwashe da dariya. Dou bai yi ba. Ya miƙe ya zuba wa tsohon bel a kafaɗa sau ɗaya, tsohon ya faɗi a gefe bai yi ƙara ba. Sannan Dou ya juya kan Meiju.

"Ƙaramin waziri. Ashe har sarauta gare ki a gidan. Ba ki gaya mana wannan ba."

"Ina yarinya lokacin. Ni na kawo rahoton, ko ba ni ba?"

"Ke ce. Sai dai ga shi ba mu ga komai ba. Ko an riga an sanar da su za mu zo?"

Wuyan Meiju ya yi ja. Kafin ta amsa gajeren ya shaƙi iska ya ce, "Kai, abin nan ya nuna fa. Tun safe ruwa kawai na sha."

"Abincin maƙiyan jama'a ne," in ji ɗayar yarinyar.

"Fulawar ta gwamnati ce," in ji Dou. "Sauke."

Aka ajiye madambacin a kan dakalin tsakar gida aka buɗe. Da tururin ya washe Shulan ta duba. Duk sun kumbura sun yi fari, sun manne da juna, bakin kowanne ya buɗe kaɗan kamar na ɗan'uwansa. Alamar farcenta ta ɓace.

"Ku bar wa tsohon ko biyu," ta ce.

"Ya ci bel, ya ƙoshi," in ji gajeren.

Hannu biyar suka shiga. Shulan ta tsaya jikin bango tana kallon bakuna. Dou ya gutsiri rabi lokaci ɗaya, yana hura iska saboda zafi, ya tauna, ya haɗiye, ya tura sauran. Ba komai. Gajeren ya cinye nasa a loma uku. Ɗayar yarinyar ta ɓare nata gida biyu tana leƙa ciki, ta ce ko ɗigon mai babu, marowata. Biyar suka tafi lafiya. Saura bakwai. Shulan ta danna farce cikin tafin hannunta don kada ta faɗi.

Zagaye na biyu Dou ya miƙa hannu kan wani da ke gefe, ya taɓa, ya ce ya yi ƙanƙanta, ya ɗauki na tsakiya. Meiju, wadda ta tsaya nesa kaɗan tun da aka yi mata gori, ta zo ta ɗauki wanda ya bari.

Ƙarar ba ta da yawa, amma kowa ya ji. Ƙas.

Meiju ta tsaya da hannu a baki. Idonta ya kawo ruwa. Shulan ta ga kumatunta ya motsa, ta ga harshe na juya wani abu a ciki, sau ɗaya, sau biyu, yana bin gefensa. Sai yarinyar ta ɗago, karo na farko tun shigowarsu, ta kalle ta ido cikin ido. Babu abin da Shulan ta iya karantawa a fuskar.

"Mene ne?" in ji Dou da cikakken baki.

Meiju ta sunkuya ta tofar a ƙasa. Jini ne da kabeji da wani ɗan farin abu. Dou ya taka kusa ya tura shi da ƙafa. Guntun haƙori ne.

"Tsakuwa," in ji Meiju. Maganar na fita a dunƙule, hannunta na kan kumatu. "Na haɗiye."

Ta taka zuwa gaban Shulan ta kwaɗa mata mari, irin wanda ya sa kanta ya bugi bango.

"Ƙazama! Ko kabeji ba ki iya wankewa ba!"

"Buɗe mu ga haƙorin," in ji gajeren yana dariya.

"Ka buɗe na uwarka," in ji Meiju ta cikin yatsu, ta juya ta yi waje. Sauran suka bi ta da shewa. Dou ya tsaya kaɗan yana kallon jinin da ke ƙasa, sannan ya kalli Shulan har sai da ta sauke ido. Ya ɗauki bao biyun da suka rage ya sa a aljihu. A bakin ƙofa suka manna doguwar takarda mai baƙin rubutu na la'antar gidan, suka tafi da agogon bango da keken Deming. Gangar ta ci gaba zuwa gida na gaba.

Shulan ta ja tsohon zuwa gado, ta shafa masa man zafi a kafaɗa.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi ranar kanta wuya. Shulan ta san ba a haɗiye komai ba: ƙwayar tana hannun yarinyar da ta kai rahoto, kuma ɗakinta taku goma ne daga nasu. Shulan ta yi ta juya abin a ranta. Wataƙila Meiju na jiran babban taron filin makaranta ne, inda za a fito da Deming, ta ɗaga ƙwayar gaban mutum dubu. Wataƙila tana jiran Dou ya sake yi mata gori ta fito da ita. Kowace safiya suna haɗuwa a famfo, Meiju ta wanke fuska ta ɗaura jan ƙyallenta ta wuce kamar ba ta ga kowa ba, kumatunta a kumbure. Shulan ta haɗa ɗan ƙunshi, riga biyu da tawul, ta ajiye bayan ƙofa saboda ranar da za a zo tafiya da ita. In aka yi tari a tsakar gida sai cokali ya faɗi daga hannunta. A masana'antar ashana inda take aiki ta yanke yatsa sau biyu a mako ɗaya. Shi kuwa tsohon, da zarar ya farka sai ya fara: "Ina ƙwayata? 'Yata, ina kika kai?" Sai ta rufe taga duk zafin da ake yi, ta zauna kusa da shi tana ba shi baki.

Aka yi taron filin makaranta ranar Asabar. An tilasta wa iyalan malamai zuwa. Ta ga Deming a kan dandamali da allo rataye a wuya, ya rame, gilashinsa ɗaure da zare. Meiju ta hau ta karɓi lasifika. Shulan ta rufe ido. Yarinyar ta yi ihu na minti biyar a kan littattafan da malamin ke karanta musu, ta sauka. Ba ta sa hannu a aljihu ba.

Kwana tara bayan binciken, da hantsi, Shulan na wanki a famfo sai Goggo Pang ta zo ta ajiye bahonta kusa da nata. Mace ce mai ƙiba da yawan magana, amma tun ranar binciken ba ta ce mata ko sannu ba. Ta buɗe famfon sosai ruwa na ƙara a cikin baho, ta sunkuya tana cuɗa wando.

"Kada ki ɗago," ta ce. "Ci gaba da wankinki. Abin nan babu shi."

Shulan ta ci gaba da cuɗa rigar da ta riga ta fita.

"A turmin magani na daka shi, kwana biyu ina yi kaɗan-kaɗan, in an kunna rediyo. Tauri kamar me. Na zuba a dusa, kajina sun cinye."

"Goggo, ban san yadda zan..."

"Kada ki gode mini, kuma kada ki kuskura ki gode mata. Ba don ku ta yi ba." Ta matse wandon da ƙarfi. "Ta shigo ɗaki ta tofar da shi a hannuna. Ta ce, Inna, bao goma sha biyu, a ce ni kaɗai ce zan ci karo da shi? Ni da na girma a ɗakin? Da ta fito da shi, ɗan banzan nan Dou cewa zai yi ke kika miƙa mata don ta fitar muku da shi. Tun da aka ce ubanta ya taɓa sayar da shayi a shagonsa na kansa, wai shi ma ɗan jari-hujja ne, yake neman ta da sharri. Rahoton ma don ta rufe bakinsa ta kai."

"Ta ci abinci kuwa? Haƙorin..."

"Kunu take sha." Goggo Pang ta kashe famfon ta ɗauki bahonta. Sai ta ɗaga murya yadda duk tsakar gidan zai ji. "Kuma ki daina zubar mana da ruwan wanki a ƙofa, kin ji ko? Ba bayinku ba ne mu!"

Shulan ta ce to, ta yi haƙuri, ba za ta sake ba. Ta kai kayan igiya, riga ɗaya ta faɗi ƙasa sai da ta sake ɗauraye ta.

Ba a sake zuwa bincike gidan ba, ko da yake takardar ƙofar ta kai wata huɗu ba wanda ya isa ya cire. An sako Deming da sanyi ya shigo, yana jan ƙafar hagu, aka ba shi sharar makarantar da yake koyarwa. Sai bayan wata guda ta gaya masa abin da ya faru, suna tafiya bakin ganuwa inda ba kowa. Da ta gama, ya tambaye ta ko kafaɗar Baba ta warke. Tsoho Meng ya rasu kafin sabuwar shekara, aka binne shi ba taro.

Bayan shekara biyu aka kwashe 'yan makarantar gaba ɗaya zuwa ƙauyuka su yi noma, har da Dou, har da Meiju. Aka umarci matan layi su je tasha rakiya da tutoci. Jirgin ƙasan ya cika maƙil, rana na dukan ƙarfen, iyaye na kuka ana buga ganga a kansu. Shulan na tsaye bayan Goggo Pang sai ta ga Meiju ta leƙo ta taga, leɓenta a bushe, tana dube-dube.

"Anti," in ji ta. "Akwai ruwa a gorarki?"

Shulan ta miƙa mata. Yarinyar ta sha, ta ba na kusa da ita, gorar ta yi ta wucewa hannu zuwa hannu cikin taragon. Jirgin ya tashi kafin ta dawo.